Wutar da Baba Audu Ya Zubar

Ni ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, har yau ɗin nan. Amma in ka ba ni tsinke ka share mini ƙasa, zan zana maka kan jirgi mai kwal, tun daga bututun hayaƙi har inda mai zuba wuta yake tsayawa. Iya Tasalla ce ta koya mini, kakata ta wajen uba, a bakin murhunta, a ƙauyenmu da ke ƙasar Dutsi, inda ko kukan jirgi ba a taɓa ji ba.

Makaranta ba ta riƙe ni ba. A aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye. Na yi kanikanci wata huɗu na gudu, na yi acaɓa, na yi dako a kasuwar Mai'adua, kowanne sai in ji kamar ƙaiƙayi a tafin ƙafata. Wuri ɗaya ne na san na taɓa zama na cika awa guda ban motsa ba, shi ne gaban murhun nan, bayan an sauke tuwo an yi sallar isha, garwashi yana ja, Iya ta ɗora butar ƙarfe ta ruwan ɗumin da take gasa gwiwarta da shi.

Iya ba 'yar nan ba ce. A Zariya aka haife ta, a gidajen ma'aikatan jirgi. Kakanmu falken shanu ne, yana kai su tasha ana lodawa zuwa kudu, can ya gan ta ya auro ta. Ta shekara fiye da hamsin a garinmu, amma har ta mutu Bazazzaga ake ce mata. Sauran tsofaffi suna yi wa jikokinsu tatsuniyar kura da zomo. Tamu kuwa sai ta haɗa hannu biyu a baki ta yi busa irin ta jirgi, ta ce, "Ku hau, za mu tashi."

Ni da ƙanwata Rabi mu ce, "Mun hau."

"Maigida, ka zauna sosai. Ba a leƙe ta taga."

Ni ne Maigidan. Ni kuma ina ce mata Tsohuwa, in na so tsokana in ce Amarya.

Mahaifinta, Baba Audu, shi ne mai zuba wuta a ƙaramin jirgin da ke tashi daga Zariya ya hau tudun Jos ya kwaso kuza. Ta ce ba irin babban jirgin da ke zuwa Kano ba ne. Layinsa siriri ne, tana yarinya takan ɗora ƙafa ɗaya a wannan ƙarfen, ɗaya a wancan, ta tsaya daidai ba ta ko buɗe ƙafa sosai ba. An yi shi haka ne don ya iya lanƙwasa ya bi gindin duwatsu, inda babba ba zai juyu ba. Ga rashin sauri. In an zo hawa, maza sukan sauko su bi shi a ƙafa suna hira, wani ma ya tsaya ya kama ruwa ya dawo ya tarar da wurinsa. Tun tana budurwa aka daina aiki da shi, aka zo aka kwashe ƙarafan.

Rabi ta taɓa tambaya ko aljanu ne ke jan sa. Iya ta yi dariya har ta yi tari.

"Wane aljani? Tukunya ce kwance a kan ƙafafu. Dubi butar nan."

Murfin butar yana ta rawa. Ta ce to shi ke nan jirgi. Wuta a baya, doguwar tukunyar ruwa a gabanta, zafi yana bi ta wasu siraran bututai a cikin ruwan ya fita ta bututun hayaƙi. Tururi ya taru a wani ƙullutu a gadon bayansa kamar tozon sa, ya sauko cikin gwangwani biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya riƙa tura sandunan ƙarfe gaba da baya, su kuma su juya ƙafafun. Sai ta kama hannuna da na Rabi, ta tura wannan ta ja wancan, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Akwai tozo na biyu, ta ce, shi yashi ne a ciki, in ƙafa tana santsi sai a sako shi a kan layi.

Amma abin da ta fi nanatawa shi ne gilashi. Wani ɗan siririn gilashi ne a gaban mai zuba wuta, yana nuna masa inda ruwa ya tsaya a tukunya. Takan ɗauko tsohuwar kwalbar man gyaɗa, ta zuba ruwa rabi, ta kwantar da ita a tafin hannu.

"Bakin kwalba shi ne gaban jirgi. Gindinta nan wuta take, nan kuma gilashi yake. To ga hawa." Sai ta ɗaga bakin. Ruwa ya gangaro gindi ya cika shi. "Me gilashi zai ce?"

"Zai ce ruwa ya cika."

"Ga gangara." Ta sunkuyar da bakin. Ruwan ya gudu gaba, gindin ya zama fayau. "Yanzu ƙarfen da ke saman wuta tsirara yake. Wuta tana cin sa, ba ruwa a kai. Kun gani? Gilashi yana ƙarya a kan hawa."

Daga nan take shiga labarin da na fi so, wanda na ji ya fi sau talatin.

Wata bazara ce, ita da mahaifiyarta suna cikin tarago za su Jos suna. A tashar da ke gindin tudu tankin ruwa ya kusa ƙafewa, abin da suka samu rabinsa laka. Suna tsakiyar hawa, famfon da ke tura ruwa cikin tukunya ya shaƙe. Baba Audu ya ce da direba su tsaya. Direba ya nuna masa gilashi, ga shi cike. Baba Audu ya ce ƙarya yake yi. Direba ya ce shi dai abin da ido ya gani ya sani, a ƙara kwal. Suna kaiwa ƙoli, kan jirgi ya sunkuya, ruwa ya ɓace daga gilashi gaba ɗaya. Ana cikin haka sai famfon nan ya yi tari ya dawo aiki. Direba ya kai hannu zai buɗe ruwa, Baba Audu ya riƙe masa hannu.

"Don me, Tsohuwa? Ba ruwan ake nema ba?" Kullum sai na tambaya, ko da na san amsar.

"Ƙarfen da ya yi ja, in ruwan sanyi ya taɓa shi, ba ya shawara da kowa. Da an buɗe, da tukunyar ta tashi da mu duka, da ba a haifi ubanka ba balle kai."

Abin da Baba Audu ya yi shi ne ya buɗe ƙasan murhun jirgin, ya sa doguwar sandar ƙarfe ya zazzage wutar duka a kan layi. Wutar da ya tashi tun asuba yana haɗawa. Jirgi ya mutu a tsakiyar daji. Direba ya kwaɗa masa mari a gaban mutane, bai rama ba, ya je ya zauna a kan wani dutse. Fasinjoji suka sauko suna zagi. Mai goro yana cewa goronsa zai bushe, mata suna cewa yara ba ruwa. Akwai wani mutum da aka aiko masa mahaifinsa yana kan gargara, yana sauri ya tarar da shi da rai. Shi bai yi zagi ba. Durƙusawa ya yi a gaban Baba Audu yana kuka, yana cewa don Allah don Annabi a zuba ruwan a hura wuta. Baba Audu bai ko ɗaga kai ba. Jefi-jefi dai yakan tashi ya je ya kai tafin hannu jikin ƙofar wuta, ya janye, ya dawo ya zauna. Dokarsa ita ce sai hannu ya zauna a kan ƙarfe ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ba ka ɗauke ba, sannan a ba shi ruwa. Tun hantsi suke nan har rana ta faɗi. Sai washegari suka shiga Jos, an riga an raɗa wa jariri suna.

"Mutumin ya tarar da babansa?" in ji Rabi.

"Ban sani ba. Ba wanda ya dawo ya faɗa mana."

"An gode wa Baba Audu?"

"Wa zai gode maka a kan abin da bai faru ba?"

Ni kuwa haushi nake ji. Nakan ce, "Da ni ne, da na ƙara wuta mun wuce da gudu kafin ƙarfen ya farga."

Sai ta dungure mini kai. "Allah ya sa kada a ba ka jirgi, Maigida. Tasha ta yi, kowa ya sauka da kayansa."

Shekara uku ke nan da abin ya zo kaina. Lokacin ina tuƙa wa wani ɗan kasuwa na Mai'adua tsohuwar akori-kura, ina ɗauko masa hatsi daga ƙauyuka. Lagiretonta yana yoyo, na sani, mai motar ma ya sani. Kullum da safe sai na cika shi, in kuma ɗora jarkar ruwa a baya. Ran nan na kwana a gida da motar. Da hantsi ina wajen mai shayi sai ga Rabi ba ko mayafin kirki, ta ce Iya ta faɗi a bakin rumbu, numfashinta yana sarƙewa. Babanmu ya tafi kasuwar dabbobi tun asuba. Muka shimfiɗa katifa a bayan mota, muka kwantar da ita, Rabi ta hau da lema tana kare mata rana. Don katifar ta samu wuri, ni da hannuna na sauke jarkar nan na ajiye a ƙofar gida. Ban buɗe gaban mota ba. Ko tunawa ban yi ba.

Daga garinmu zuwa kwalta yashi ne zalla, mota ba ta tafiya sai da ƙaramar giya, tana kuka. Ba mu yi rabi ba na ga allurar zafi tana hawa. Na gan ta sarai. Na ce a raina bari dai mu kai kwalta, iska za ta sanyaya ta. Ta taɓa ja, na ƙara taka mai. Sai da tururi ya fara fitowa ta gefen murfi yana rufe mini gilashi, mota ta fara shaƙewa, sannan na kashe. Allah ya sa kusa da wata rijiya ce da makiyaya ke shayar da shanu.

Na diro na buɗe gaba. Ƙarfe yana ta ƙas-ƙas shi kaɗai, wari kamar an ƙona roba. Na naɗe hannu da hulata na murɗe murfin lagireto, tururi ya yi tsalle ya dafa mini tafin hannun dama. Ko zafin ban tsaya ji ba. Na ruga rijiya, wani dattijon makiyayi ya miƙo mini guga cike, ruwa mai sanyi kamar daga randa.

Ina dawowa na ji muryarta daga bayan mota, ƙasa-ƙasa, tana yankewa.

"Maigida."

"Na'am, Iya."

"Ka zubar da wutar?"

"Na kashe ta."

"To ajiye gugan. Zauna."

Ashe duk tana ji. Idonta a rufe, ƙirjinta yana hawa yana sauka kamar ta yi gudu, amma kunnenta yana kan injin.

Na ce, "Iya, ba lokaci. Daura za mu."

"Daura ba ta tafiya ko'ina. Sa hannu."

Na kai hannun hagu jikin injin. Ko bisimilla ban ƙarasa ba na janye.

"Ƙafa nawa?"

"Ko ɗaya."

"To."

Na ajiye gugan. Na duba waya, ba sabis ko ɗigo. Na hau kan mota na ɗaga ta sama, babu. Hanya shiru, ranar kasuwa ce a wani gefen, ko babur ɗaya bai gifta ba. Na zagaya motar, na dawo, na sake zagayawa. Na cire riga ina yi wa injin fifita kamar mahaukaci. Ban san minti nawa na yi ba, a raina shekara ce, amma yanzu in na auna bai fi minti biyar ba. Na sake sa hannu. Na kai "Allahus-samad" na janye.

Sai Rabi ta ce, "Yaya, zo ka ga leɓenta."

Na leƙa. Leɓen ya yi duhu, ya koma kamar toka. Rabi ba ta ce in zuba ba, ba ta ce kada in zuba ba. Kallona kawai take yi, hawaye yana sauka a kan katifa.

Wallahi na tuna Baba Audu a lokacin. Ba mantawa na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Na gan shi zaune a kan dutsensa. Amma na ce wannan ai mota ce ba jirgi ba, na ce na sha ganin direbobi suna yi ba abin da ya faru, na ce kaɗan zan zuba. Na ɗauki gugan na juye shi duka.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar a taka faranti a ƙarƙashin tabarma. Na shiga na murɗa makulli, ta kama, ta yi tari, farin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta mutu. Na sake, na sake, har batir ya fara ja da ƙyar. Na zaro sandar duba mai, ga shi ya koma fari kamar kunun gyaɗa. Wata huɗun da na yi a gareji sun ishe ni in san abin da ke nan. Kan injin ya tsage.

Na zagayo baya na tsaya, na kasa kallonta.

"Na ji shi," in ji Iya. Ta ɗan huta. "Allah ya taimaki mutane, ba a ba ka jirgi ba."

Dariya take so ta yi, numfashi ya hana ta. Na fashe da kuka kamar yaro.

"Bar wannan. Hau ka karɓi lemar, hannun Rabi ya gaji."

Dattijon nan ne ya aika aka ɗauro shanu a amalanke daga rugarsu. Kafin a kamo su, a ɗaura, a zo, an yi azahar. Muka mayar da katifar kan amalanken. Ina tafe a gefe riƙe da lema, shanu suna taku ɗaya-ɗaya a cikin yashi, ba yadda za ka yi da su. Na roƙi mai amalanken ya ƙara sauri har ya gaji da ba ni haƙuri. Can Iya ta buɗe ido ta dubi shanun, ta dube ni ina bin su a ƙafa, ta ce, "Ga ƙaramin jirgi." Ita ce maganarta ta ƙarshe da na ji.

A bakin kwalta muka samu mota. Muna dosar Daura, wajen da ake tara ƙasa ana shimfiɗa sabon layin dogo, Rabi ta sunkuya ta ce, "Iya, ga layin jirgi an kawo miki har gida." Ba ta amsa ba. Da muka isa asibiti an yi la'asar. Ma'aikacin da ya duba ta ya fara cewa, "Da kun zo da…" sai ya dubi fuskata, ya dubi hannuna da ya kumbura, ya ce rai na Allah ne.

Na san rai na Allah ne. Na yarda, ina kuma faɗa wa kaina kullum. Amma lissafin ba ya barina. Da na jira rabin awa, na zuba ruwa a hankali, saura tafiyar minti arba'in. Da kafin azahar muna Daura. Ko da hakan za ta tashi, ko ba za ta tashi ba, ban sani ba, kuma ba wanda zai dawo ya faɗa mini. Babanmu bai taɓa tambayata yadda motar ta lalace ba. Rabi ce kaɗai ta sani, ita kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da ma zagina ta yi.

Da ina yaro na ɗauka labarin jarumtaka ne, ina jira ranar da zan zama Baba Audu. Da ranar ta zo, sai na tarar ni ne direban da ya ga alama ya ƙara wuta, ni ne kuma mutumin da ke durƙushe yana roƙo, duk a jiki ɗaya, ba kuma wanda zai riƙe mini hannu sai tsohuwar da ba ta iya ɗaga nata. Yanzu nake gane abin da ya fi wuya a aikin Baba Audu. Zazzage wuta minti biyu ne. Zaman nan a kan dutse, mutum yana kuka a gabanka, kai ma kana jin kukan har cikin ƙashi, ka ƙi tashi, shi ne aikin. Na kuma gane ba don Rabi Iya take maimaita labarin nan ba. Ta ga ƙafata tun ina ƙarami.

Har yanzu ban zauna wuri ɗaya ba. Na bar tuƙi, na koma, na sake bari. Wani lokaci nakan je inda ake aikin sabon layin in tsaya ina kallo. Faɗinsa ya kusa biyun wanda Iya ta ba mu labari, an ce kuma jiragen da za su hau shi ba ruwansu da kwal. Ba wanda zai tsaya yana kallon gilashi.

Da sallar layya da ta wuce Rabi ta zo gida da ɗanta Sadiƙu, ɗan shekara shida, wanda ba ya iya zama ko na minti ɗaya. Bayan isha muna bakin murhun nan, ana suyar nama, ya dame mu da guje-guje. Rabi ta shiga ɗakin Iya ta fito da kwalbar man gyaɗar, ta zuba ruwa rabi, ta miƙo mini. Na daɗe ina riƙe da ita. Sannan na haɗa hannu a baki na yi busar, na ce a hau za mu tashi.

Ya zauna. Ya ji tozo biyu, ya ji gilashin da ke ƙarya, ya ji mari, ya ji mutumin da ya durƙusa. Da na kai ƙarshe sai ya taɓe baki.

"Kawu, da ni ne, da na zuba ruwan kawai mun tafi."

Rabi ta daina juya naman. Na ajiye kwalbar, na jawo shi kusa da wuta inda zai gani sosai, na buɗe masa tafin hannuna na dama.

Na ce, "Zauna tukuna. Ba mu kai tasha ba."